Ciwon Suga: Ire-irensa, Haɗurransa da Nauyin da Ke Wuyan Malami

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zangon karatu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.



Kwamitin walwala ne ya ɗora mini nauyin yin bayani a kan ciwon suga, kuma kowa a nan ya san dalili. Duk wanda ya saba bin ayarin ƙungiya zuwa dubiya ko ta'aziyya ya sha jin ana cewa "ai suga ne ya kwantar da shi", ko "suga ne ya taɓa mata ido". A shekarar 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Mun yi murna, kuma muna da hujjar murna. Sai dai akwai tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa: da wane ido zan duba littattafan yara, da wace ƙafa zan tsaya gaban allo, har na kai 65? Ciwon suga yana cikin manyan abubuwan da za su amsa wannan tambaya. Ni malamin aji ne, saboda haka zan bi da ku yadda muke bi da darasi, daga sananne zuwa baƙo.

Yadda ciwon yake

Tuwo, shinkafa, burodi, rogo, dankali, fura da kunu, duk idan suka shiga ciki jiki yana narka su zuwa wani nau'in suga da ake kira gulukos. Shi ne makamashin da ƙwaƙwalwa da tsoka suke aiki da shi. Jini ne ke ɗaukarsa ya kai shi ko'ina, amma ba ya iya shiga yawancin ƙwayoyin halittar jiki sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take samarwa. Likitoci suna kiran gaɓar fankiriyas.

Ku ɗauka safiyar Litinin ce, yara sun cika harabar makaranta, azuzuwa kuwa a kulle. Yaran su ne suga, haraba ita ce jini, azuzuwa su ne ƙwayoyin jiki, insulin shi ne makulli. Idan mai makulli bai zo ba, ko ya zo amma kwaɗunan sun yi tsatsa, sai haraba ta cika maƙil da hayaniya da ɓarna, azuzuwa kuwa fayau. Haka mai ciwon suga yake: jininsa cike da abinci, jikinsa yana fama da yunwa.

Daga nan alamomin suke fitowa. Idan suga ya haura wajen 180 a ma'aunin jini, ƙoda takan fara zubar da shi a fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. Sai yawan fitsari, musamman da dare, sai ƙishirwar da ba ta jin ruwa, sai yunwa da kasala da rama ko da mutum yana cin abinci. Iyayenmu sun daɗe da lura cewa kiyashi yana taruwa inda wasu suka yi fitsari, kuma masu maganin ƙasar Indiya na dā sun lura da haka har suka sa wa ciwon suna fitsarin zuma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya, wato IDF, a ƙiyasinta na 2021 ta ce manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a yankin Afirka, fiye da rabinsu kuma ba su san suna da shi ba. A Nijeriya kaɗai ta ƙiyasta miliyan 3.6. Wannan rabin da ba su sani ba su ne abin tsoro, domin wataƙila wasunsu suna zaune a cikin wannan ɗaki.

Nau'i na ɗaya: ciwon da ke iya shigowa ajinmu

A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce take juyawa ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin, har a wayi gari babu makulli ko ɗaya. Ya fi bayyana ga yara da matasa, ko da yake yana iya kama babba. Shan alawa ba ya kawo shi, laifin uwa ko uba ba ya kawo shi, kuma har yau ba a samu hanyar rigakafinsa da kowa zai iya bi ba. Yana zuwa da sauri, cikin kwanaki ko makonni kaɗan.

A nan nake roƙon malaman firamare su ba ni kunnuwansu. Yaron da ya fara ɗaga hannu sau huɗu, sau biyar kafin a tashi tara yana neman izinin fita fitsari, ya maƙale wa randar makaranta, yana gyangyaɗi a aji, rigarsa ta fara yi masa yawa, uwarsa kuma tana ƙorafin ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, wannan yaro awon jini yake buƙata a ranar. Bulala ba za ta tsayar da wannan fitsari ba. Idan aka yi jinkiri, jiki yakan koma ƙona kitse, jini ya yi tsami, yaro ya fara amai da ciwon ciki, numfashinsa ya yi zurfi da sauri, bakinsa yana wari irin na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Sau da yawa a wannan mataki sai a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a yi ta ba shi magani har ya suma. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa, cikin ƙasa da minti ɗaya, shi ne tsakanin rayuwa da mutuwar irin wannan yaro.

Kafin 1921 duk yaron da ya kamu da wannan nau'i ba ya daɗewa a duniya. A shekarar ne Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, kuma a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro allurarsa ya farfaɗo. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce aka mayar Ranar Ciwon Suga ta Duniya. Tun daga lokacin, mai nau'i na ɗaya yana iya yin karatu, ya yi aure, ya haihu, ya tsufa, bisa sharaɗi guda: allurar insulin kullum, har ƙarshen rayuwa. Ƙwaya ba ta maye gurbinta, saiwa da sassaƙe ba sa maye gurbinta. Duk wanda ya ce wa iyaye su dakatar da allura su gwada nasa maganin, ya ɗauki alhakin rai.

Nau'i na biyu: ciwonmu mu manya

Fiye da tara cikin kowane goma na masu ciwon suga wannan nau'i suke da shi. A nan akwai makulli, amma kwaɗo ya yi tsatsa. Jiki ba ya jin insulin yadda ya kamata, fankiriyas ta yi ta ƙara ƙoƙari shekara da shekaru har ta gaji. Abubuwan da ke jawo shi sanannu ne: gado, ƙaruwar shekaru, ƙiba musamman teɓa, rashin motsa jiki, da yawan shan kayan zaƙi. Hawan jini kuma abokin tafiyarsa ne. Ma'aunin da ake yawan amfani da shi shi ne, idan ƙugun namiji ya kai santimita 94, ko na mace ya kai 80, haɗari ya ƙaru. Tef ɗin tela ya isa wannan awo.

Mu dubi rayuwarmu da idon gaskiya. Malaman da suka koyar da mu a ƙasa ko a keke suke zuwa makaranta, da rana kuma suna gona. Mu kuwa babur ne daga ƙofar gida zuwa ƙofar aji. Da safe shayi mai kauri da burodi, a wurin suna da biki da taron bita lemon kwalba, da dare malmalar tuwo biyu sai kwanciya. Muna kiran teɓa alamar hutu, muna yi wa wanda ya yi ƙiba barka. Duk da haka kada siriri ya saki jiki, domin a ƙasashenmu ana samun marasa ƙiba da yawa masu wannan ciwo.

Mugun halin nau'i na biyu shi ne shiru. Mutum yana iya ɗaukarsa shekaru bai sani ba. Wasu sai a asibitin ido ake gaya musu, wasu sai gyambo ya ƙi warkewa, wasu sai maruru ko ƙaiƙayin gaba ya yi ta dawowa. Kafin ya kankama kuma akwai wani mataki da za mu iya kira bakin ƙofa, inda suga ya ɗara na mai lafiya amma bai kai na mai ciwo ba. Wannan mataki rahama ne ga wanda ya gane shi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda ke bakin ƙofa da aka ɗora su a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 80, abin da ake nema bai kai kilo 6 ba.

Na masu juna biyu

Mahaifa tana fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, shi ya sa wasu mata sukan sami hawan suga a lokacin goyon ciki, galibi ba tare da wata alama ba. Ana yin gwajinsa tsakanin mako na 24 da na 28. Idan ba a kula ba, jariri yakan yi girma fiye da kima, har ya wuce kilo 4, sai doguwar naƙuda, ko tiyata, ko rauni ga uwa da ɗa. Sugan jaririn kuma yana iya faɗuwa jim kaɗan bayan haihuwa, uwar kuma ta fi shiga haɗarin hawan jini na masu ciki. Mukan yi murna idan an haifi ƙaton jariri, mu ce uwarsa ta ci da kyau. Murna halal ce, amma a haɗa da awon sugan uwar.

Yawanci wannan nau'i yakan tafi bayan haihuwa, sai dai ya bar gargaɗi: matar tana cikin waɗanda nau'i na biyu ya fi kamawa nan gaba. Saboda haka ta koma a sake gwada ta bayan arba'in, kafin jariri ya cika wata uku, sannan ta riƙa gwaji lokaci-lokaci. Ina kira ga maza a cikinmu: kuɗin awon ciki da izinin zuwa asibiti nauyinmu ne. Shugabannin makarantu kuma kada su ɗaure fuska idan malama ta nemi fita ranar awo.

Sauran ire-iren

Akwai ciwon suga da magani ke jawowa. Ƙwayoyi irin su dezametason da firedinisolon suna da amfani idan likita ya rubuta, amma shansu barkatai yana tayar da suga da hawan jini. Su ne ake cusawa cikin haɗin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, ana kuma ba masu ciwon gaɓoɓi su a wasu shagunan magani. Malamai mata, ku ja kunnen 'yan matan da ke shirin aure, kumburin fuska da wannan haɗi ke kawowa alamar cuta ce. Akwai kuma wanda ke biyo bayan lalacewar fankiriyas, misali saboda daɗewa ana shan giya. Akwai wani na gado, ba kasafai ake samunsa ba, da ke bin zuri'a daga kaka zuwa jika yana bayyana tun da ƙuruciya. A 2025 kuma IDF ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, wanda ke kama ramammun matasa da suka tashi cikin ƙarancin abinci mai gina jiki. Wannan ya shafe mu, domin mun san adadin yaran da ke shigo mana aji da safe ba su karya ba.

Karanta sakamakon awo

Asibitocinmu suna amfani da ma'auni iri biyu, shi ya sa wani zai ce sugansa 7, wani ya ce nasa 126, alhali abu ɗaya suke faɗa. Idan ka ninka ƙaramin adadi sau 18 za ka sami babban. Idan mutum ya kwana aƙalla awa 8 bai ci komai ba aka auna, ƙasa da 100 lafiya ne. Daga 100 zuwa 125 bakin ƙofa ne a lissafin likitoci da yawa. Daga 126 zuwa sama, idan an maimaita a wata rana an sake samun haka, ciwon suga ne. Wanda kuma aka auna a kowane lokaci aka sami 200 ko fiye, ga kuma alamomi, shi ma ya tabbata. Akwai wani gwaji mai suna HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, wanda 6.5 zuwa sama yake nuna ciwo. Mai sikila ko mai ƙarancin jini ya sanar da likita, domin wannan gwaji yana iya ba da sakamakon da ba daidai ba a gare su.

Haɗarin gaggawa

Haɗari na farko shi ne hawan suga mai tsanani, wanda na bayyana a kan yara. Ga dattawa masu nau'i na biyu yakan zo da bushewar jiki da ruɗewa har zuwa suma, musamman lokacin zafi ko idan wata cuta ta shigo.

Na biyu kishiyarsa ne, wato faɗuwar suga ƙasa da 70. Yana samun masu allurar insulin da masu shan wasu ƙwayoyi irin su gilibenkilamid, idan suka sha magani ba su ci abinci ba, ko suka yi aikin ƙarfi. Alamominsa gumi, rawar jiki, bugun ƙirji, yunwa, fushi ba dalili, da magana kamar ta mashayi. Idan abokin aikinka mai ciwon suga ya fara haka a ofishin malamai, kuma yana iya haɗiya, ka dama cokalin shayi 3 zuwa 4 na suga a ruwa ka ba shi, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. Bayan minti 15 idan bai dawo daidai ba ka maimaita, sannan ya ci abinci. Idan kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Mutane da yawa suna tsoron ba mai ciwon suga suga, amma a wannan hali sugan ne ceton ransa.

Ɓarnar da ke tafiya a hankali

Suga mai yawa yana cin jijiyoyin jini kamar yadda gara take cin azara, daga waje ɗaki lafiya, sai ranar da rufi ya rufto. Manyan jijiyoyi idan suka toshe, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kuma waɗannan ne suka fi kashe masu ciwon suga. Shi ya sa kula da hawan jini, rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, da barin taba suke daidai da kula da sugan kansa.

Ƙananan jijiyoyi kuwa sun fi yawa a ido da ƙoda. A bayan ido sukan tsage su yi yoyo, mutum bai ji zafi ba, ganinsa bai ragu ba, sai ɓarna ta yi nisa. Yanar ido ma takan zo da wuri. Canza tabarau a kasuwa ba ya maganin wannan. Abin da ake so shi ne likitan ido ya ɗiga magani ya leƙa bayan idon sau ɗaya a shekara. Ƙoda ita ma ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa, amma gwajin fitsari da na jini na shekara-shekara yana tona asirinta da wuri, lokacin da magani zai iya rage saurin lalacewar. Wanda ya kai ga wankin ƙoda yana buƙatarsa sau biyu ko uku a mako, kuma kowa a nan ya san albashin malamin firamare ba zai ɗauki wannan ba ko na wata guda.

Sai ƙafa, inda na fi so mu dakata. Suga yana kashe jijiyoyin ji, sai mutum ya riƙa jin tafin ƙafarsa kamar an zuba barkono, ko kamar yana taka auduga, daga baya ya daina jin komai. Ƙaya ta soke shi bai sani ba, takalmi ya ci shi bai sani ba, da hunturu ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta ya ƙone bai ji ba. Ga jini ba ya isa sosai, ga ƙwayoyin cuta suna son suga. Ƙaramin faso sai ya zama gyambo, a ce daji ne ko jifa, a yi ta shafe-shafe da sakiya, sai an ga ƙafa ta yi baƙi a nufi asibiti, inda babu abin da ya rage sai yankewa. Mafi yawan irin wannan yankewa ana iya kauce mata. Musulmi yana wanke ƙafarsa sau da yawa a yini, to ya mai da alwala lokacin dubawa: tafin ƙafa, diddige, tsakanin yatsu, sannan ya tsane su. Kowa ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, ya shafa mai saboda kaushi amma ban da tsakanin yatsu, kada kuma ya miƙa ƙafarsa ga mai yankan farce na kan titi. Duk rauni a ƙafar mai suga, komai ƙanƙantarsa, na asibiti ne.

Akwai kuma abin da kunya take hana faɗa. Ciwon suga yana rage ƙarfin namiji, kuma gidaje sun sha rikicewa a kan haka ana zargin sammu. Wanda ya ga wannan canji ya auna suga kafin ya nufi masu tallan maganin maza. Haka nan mai suga ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, wato tibi, da ciwon dasashi.

Zama da ciwon

Nau'i na biyu ana riƙe shi da abinci, motsa jiki da magani. Ƙwayar da aka fi farawa da ita ita ce metfomin. Idan likita ya ce lokacin insulin ya yi, ba alamar ajali ba ce, ciwon ne ya kai matakin da yake buƙatarsa. Babban kuskuren da ake yi shi ne barin magani da zarar an ji sauƙi, ko da zarar albashi ya yi jinkiri.

Game da abinci, an tsorata mutane har wasu sun koma acca da alkama kaɗai. Acca da alkama su ma suna komawa suga, yawan abin da aka ci shi ne magana. Ka raba kwanonka: rabi ganye da kayan lambu irin su zogale, rama, alayyafo, kabeji da kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, ragowar kuma tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunka. Abin da ya fi cancanta a yi ban kwana da shi shi ne zaƙin da ake sha. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da wajen cokalin shayi 9 na suga. Zoɓo da kunun aya da fura, idan aka cika musu suga, ba su da bambanci da ita. Zuma da mazarƙwaila su ma zaƙi ne, jini ba ya tambayar asalinsu. Tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ta cika minti 150 ɗin da ake nema.

Insulin ba ya son zafi, ga shi wutar lantarki ba ta da tabbas. Inda babu firji, ana sa kwalbar a roba mai murfi a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai sanyi. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa domin adana kayan lambu har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000, tana taimakawa a nan. Shi ma malami ne.

Sai azumi. Mai ciwon suga ya ga likitansa mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan domin a tantance ko zai iya, a kuma gyara masa lokutan magani. Ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce a karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko alamomin haɗari suka bayyana. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, ya yi wa marar lafiya rangwame, kuma malaman addini suna nan domin bayanin ramuwa da ciyarwa. 'Yan'uwanmu Kirista masu azumi su ma shawarar likita ta hau kansu.

Abin da nake roƙon reshe

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka ina gabatar wa shugabanni buƙatu huɗu. Na ɗaya, reshe ya sayi na'urar awon suga da ta hawan jini daga asusun walwala, a gayyato ma'aikacin lafiya ya riƙa auna mu a kowane babban taro, a kuma riƙe sirrin sakamakon kowa. Na biyu, a ware wani kaso na asusun domin rancen magani marar ruwa ga mambobi masu ciwon suga da hawan jini, ta yadda jinkirin albashi ba zai zama jinkirin magani ba. Mun saba haɗa kuɗi bayan an yanke ƙafa ko an yi rasuwa, alhali kaɗan daga cikinsa zai yi aiki mafi girma tun da farko. Na uku, shugabanninmu su zauna da hukumar taimakekeniyar lafiya su tabbatar cewa abin da ake cira daga albashinmu yana kawo mana insulin da ƙwayoyi da gwaje-gwajen shekara, ba takardar "je ka saya a waje" ba. Na huɗu, kowace makaranta ta san ɗalibanta masu ciwon suga, a bar su su sha ruwa, su fita fitsari, su ci abin da suka zo da shi idan jikinsu ya nema, a ajiye suga a ofishin shugaban makaranta, a kuma hana sauran yara tsokanarsu. Ranar 14 ga Nuwamba kuma a ba da minti goma a taron safe a yi wa yara bayanin alamomin nan, domin abin da yaro ya ji a makaranta yana isa kunnen uwarsa kafin la'asar.

Ga kowane ɗayanmu kuwa aikin gida ɗaya ne. Duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da teɓa, ko hawan jini, ko mai ciwon suga a danginsa, ko macen da ta taɓa haihuwar jariri mai fiye da kilo 4, ya je a auna shi kafin a dawo hutu, ya tafi da matarsa ko mijinta. Wanda aka samu da ciwon kada ya ɓoye wa iyalinsa da abokin aikinsa na kusa, domin su ne za su cece shi ranar da suga ya faɗi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kai mu ritaya da idanunmu da ƙafafunmu.